Yadda Ake Gina Birnin Ƙirƙira Domin Wasan Sadaukai Irin Na Da

Wasan da nake magana a kansa ba ya buƙatar kwamfuta ko waya, ba ya ma buƙatar wutar lantarki. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama a kan tabarma, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki sadauki guda ya shiga rigarsa, ya riƙa faɗin abin da sadaukin nan zai yi a duk halin da jagora ya jefa shi. Idan abin da aka yi niyya yana da haɗari, kamar tsallake rami ko cafke ɓarawo a guje, sai a yi ƙuri'a ta raba gardama. Tatsuniya ce dai, sai dai masu sauraro suna da ta cewa a cikinta. An fara sayar da irin wannan wasa a Amurka a 1974, da fitowar Dungeons & Dragons, kuma ba a jima ba aka samu waɗanda aka tsara musamman domin sadaukai masu baiwar da ta fi ta sauran mutane, kamar Villains and Vigilantes a 1979 da Champions a 1981. Ni a zauren gidanmu nake gudanar da nawa bayan sallar isha'i, a wani ƙauye da ke gefen layin dogo a ƙasar Ringim, tare da ƙannena da wasu ɗalibaina.

Da na ce irin na da, ina nufin salon mujallun labarai masu zane na tsakanin 1956 da wajen 1970, inda sadauki yake sanye da tufafi masu ɗaukar ido, ana gane mai gaskiya ana gane mugu, kuma ba a nuna zubar da jini. Wannan yana da tushe, domin a 1954 masu buga mujallun a Amurka sun kafa wa kansu ƙa'ida cewa dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kuma kada a nuna mai laifi ya ci riba. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga salon, tunda iyayenmu sun ga mujallar African Film mai hotunan Lance Spearman, sannan aka buga Powerman domin kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977. Irin wannan sadauki ba ya tsayuwa sai da gari, domin aikinsa tsaron mutane ne, kuma sai 'yan wasa sun san mutanen nan sun ƙaunace su kafin tsaron ya zama abin damuwa a gare su. Shi ya sa ginin birni yake gaba da komai.

Shawarata ta farko ita ce birnin ya kasance na ƙirƙira. Masu Superman, wanda ya fito a 1938, da masu Batman na 1939, garuruwan da babu su a taswira suka ba su, ko da yake kamfanin Marvel daga baya ya zaunar da nasa sadaukan a New York. A wurinmu hanyar farko ta fi aminci, kuma da kaina na ga dalili. A karon farko na ɗora labarin a kan kasuwar da muke ci duk mako, na sa mugun ya zama dillalin hatsi mai tauye mudu. Ban yi nufin kowa ba, amma ɗaya daga cikin yaran ya yi shiru har aka tashi, washegari kuma bai zo ba, ashe ya ɗauka da kawunsa nake. Sai da na je har gidansu na ba shi haƙuri. A garin da kowa ya san kowa, duk rigar da ka ɗinka sai an samu wanda ta yi wa daidai. A birnin ƙirƙira kuwa kana iya ƙona sito, ka karya gada, ka tona asirin attajiri, ba tare da ka taɓa mutuncin maƙwabcinka ba.

Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, ka tsayar da shekara. Ni na zaɓi 1974, kuma ina ganin da wuya a samu wadda ta fi ta albarka. A lokacin babu Jihar Jigawa, wadda sai a 1991 aka ƙirƙiro ta, duk ƙasar nan Jihar Kano ce a ƙarƙashin Gwamna Audu Bako, ana ta ƙarasa aikin madatsar ruwa ta Tiga. Naira ba ta daɗe da shigowa ba, tunda a farkon 1973 ta maye gurbin fam, tsofaffi kuwa har yanzu da sule da sisi suke lissafi, abin da yake buɗe ƙofar cuta ga duk mai son cutar su. Direbobi ba su fi shekara biyu da komawa tuƙi a hannun dama ba. Farin da aka yi ya kore mutane da dabbobi daga arewa sun kwararo kudu, hatsi ya yi tsada, dalar gyaɗa tana kwanakinta na ƙarshe, kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa yana sauya halin mutane. Kowanne daga cikin waɗannan labari ne da ke jiran sadauki.

Babban abin da shekarar take yi wa wasa shi ne rashin wayar hannu. Idan gobara ta tashi a ƙofar gabas, sai wani ya hau keke ko ya sheƙa da gudu kafin na ƙofar yamma su sani. Labari yana tafiya ne ta rediyo mai batir, da bakin mai shela, da direbobin manyan motoci, da tarho guda da ke gidan waya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake karanta wa jama'a a gindin bishiya. Duk lokacin da 'yan wasa suka rabu gida biyu, ka bar su da wannan nisa, kada ka rage musu shi.

Daga nan sai ka tambayi kanka abin da ya sa mutane suka zauna a wurin tun farko. Garuruwanmu ba su kafu haka kawai ba: Kano tana da Dala da tama da ƙasar noma, Haɗeja tana da kogi da fadama, Maigatari tana da iyaka da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, Malam Madori kuwa jirgin ƙasa ne ya raya ta, bayan layin Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. Ka zaɓi dalili biyu, ɗaya tsoho ɗaya sabo, domin a tsakaninsu rikicin birnin zai fito. Nawa birnin mashigin kogi ne inda fatake suke yada zango su jira fito, daga baya layin dogo ya zo ya wuce ta bayan ganuwa, arziki ya bar bakin ruwa ya koma tasha. Sunan ma daga nan ya fito. Hausawa suna raɗa wa gari suna da bishiya, ko dutse, ko rijiya, ko wanda ya sare shi, kamar Garun Malam, ni kuma na kira nawa Birnin Kainuwa saboda ciyawar da ke rufe mashigin da damina. Ka tabbata dai sunan da ka zaɓa ba na wani gari na kusa ba ne.

Taswirar ba ta buƙatar gwaninta. Ka samu kwalin da ka buɗe ya yi faɗi, ko bayan tsohuwar kalanda, ka fara jan kogi, sannan ganuwa, sannan layin dogo. Ƙofa huɗu ta isa. Fada da masallacin Juma'a a tsakiya, kasuwa ba nesa da su ba, kududdufai biyu ko uku inda aka haƙi ƙasar gini. Abin da mutane suke mantawa shi ne tsayi. Sadaukan Amurka a kan dogayen benaye suke shawagi, kuma idan ka kwafo benayen nan ka dasa su a ƙasar Hausa ta 1974, 'yan wasa ba za su gaskata ba. Muna da namu wuraren hawa: kan ganuwa, tankin ruwa na tashar jirgi, dutsen da ke bayan gari, tsohuwar kuka, rufin soraye da zankwayensu inda mai sauƙin jiki zai bi daga unguwa zuwa unguwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, sai kuma dalar gyaɗa, wadda babba takan ɗauki buhu wajen 15,000. Faɗa a kan dala, buhuna suna zamewa a ƙarƙashin ƙafa, leburori suna ihu daga ƙasa, ya fi duk wani bene. Hasumiyar masallaci kuwa alama ce da ake hangowa daga nesa a gane hanya, amma ni ban taɓa kai faɗa can ba, kuma ina ba da shawarar kada a kai.

Unguwa biyar ko shida ta wadatar. Kowace ka ba ta abin da hanci ko kunne zai gane ta da shi, da mutum guda da za a riƙa komawa wurinsa, da damuwa guda da ke cin mutanenta. A unguwar marina ana jin warin baba da toka, ana jin amon mabuga suna dukan shuni tun hantsi, damuwarsu kuwa yadin kanti da ya fara kashe musu kasuwa. A Maƙera ƙarar uwar maƙera ce da zuga-zugi, kuma can ne sadauki zai kai wani baƙon ƙarfe a duba masa. Bakin ruwa na masunta ne da Sarkin Ruwa, wanda yake ganin girmansa yana raguwa tun da aka yi gada. Sabon Gari yana da gidan silima da kantuna da baƙi masu harsuna dabam-dabam, unguwar Turawa ta da kuma ta koma hannun manyan ma'aikata, da itatuwan darbejiya a jere da masu gadi a ƙofa.

Tasha ce ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce bakin birnin da kunnensa. A nan jirgi yake tsayawa, a nan sikelin gyaɗa yake, da sito-sito masu rufin kwano, da 'yan dako, da 'yan kamasho, da mai shayi wanda ba ya rufewa sai jirgin dare ya wuce. Duk baƙon da zai shigo da alheri ko da sharri ta nan zai sauka, duk abin da aka sace ta nan zai fita. Na taɓa shafe dare guda cur 'yan wasa ba su bar tasha ba, suna bin sawun wani akwati da aka sauke daga tarago ba a rubuta shi a littafi ba. Ƙaramin ƙanena ya ɗora marfin kwalbar da yake wakiltar sadaukinsa a kan zanen tankin ruwa, ya ɗago ya ce, "Yaya, daga nan ina iya hango wanda ya karɓi akwatin?" Na ce masa hazo ya yi yawa, sai dai fitilar a-ci-bal-bal ta mai shayi da inuwar mutum biyu. Ya yi shiru yana kallon kwalin kamar inuwar tana ciki, sannan ya ce to zai sauko a hankali ta bayan sito.

Yanzu sai tambayar da 'yan wasa suka fi ɗoki: daga ina baiwar sadaukan ta fito? Mujallun da muke koyi da salonsu an rubuta su ne a zamanin fargabar nukiliya da tseren zuwa sararin samaniya, shi ya sa za ka ga wani sadaukin gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ne ya cije shi, wasu kuma haske ne ya ratsa su a cikin kumbo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan zamani ya taɓo ƙasarmu kai tsaye. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu take kwaso ƙura daga hamada zuwa nan, kuma bayan ta maimaita gwajin, Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961. A Kano hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tashar bibiyar kumbo, ɗaya daga cikin waɗanda suka bi sawun ɗan sama jannatin Amurka John Glenn da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962. Ranar 3 ga Oktoban wannan shekarar kuma wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona kusa da Zagami a ƙasar Katsina, dab da wani manomi, daga baya masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito. Waɗannan duk sun faru. Abin da za ka ƙara na ƙirƙira kaɗan ne: ɓallin irin wannan dutse ya faɗa a fadamar birninka, ko wata guguwar ƙura ta kwana uku ta rufe garin, yaran da suke kiwo a ranar suka tashi da abin da ba a saba gani ba. Yaron da yake da shekara 10 a 1962 ya kai 22 a 1974, daidai shekarun sadauki.

Ka zaɓi tushe guda ɗaya ka tsaya a kansa, domin shi zai haɗa sadaukai da miyagu a zare ɗaya, ya kuma ba birnin wani sirri da za a riƙa tonowa sannu a hankali. Na san akwai jan hankali a ɗauko layar zana da baduhu da maganin tauri, tunda suna cikin labaranmu, amma ni na kauce musu. Wasa ne da yara suke zama a ciki, a zauren da iyaye suke wucewa, kuma ba na son a ji ana kiran aljanu ko ana koya wa yaro dogaro da laya ko da da sunan nishaɗi. Dutsen sama da injin da maƙeri ya ƙera da horon dambe da kokawa sun ishe mu.

Ɓoye kama matsala ce ta musamman a garin Hausa. A babban birnin Turai mutum yana sa ƙyalle a ido ya ɓace, amma a nan ana gane mutum da tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake ɗaura rawani. Amawali yana rufe fuska, dare da hazo suna taimakawa, amma kada ka yi kamar ba wanda zai gane. Ka sa mutum guda da ya sani ya yi shiru, kamar tsohuwa mai ƙosai da ta ga tabon hannunsa ta ci gaba da juya mai a kasko ba ta ce uffan ba. Ka tuna kuma sadaukin nan yana da uwa da za ta tambayi inda ya kwana, da maigida a kasuwa da yake jiran sa da sassafe, da gona da ba ta san uzuri ba.

Akwai kuma rabin birni da namiji baligi ba ya shiga, wato cikin gidaje, bayan zaure. Duk jagoran da ya manta da wannan ya zubar da rabin labarinsa. Mata suna da nasu hanyoyin labari ta biki da suna da adashi, 'yan mata masu talla suna shiga kowane gida suna ganin abin da ɗan sanda ba zai taɓa gani ba, ungozoma ta san sirrin kowace zuriya. Da ƙanwata ta shiga wasan da sadaukiya mai tallar fura, ita ce ta gano inda aka ɓoye hatsin da maza uku suka yi mako biyu suna nema a sito.

Masu iko kuwa ka jera su yadda suke: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki da dogaransa, alƙali, sai 'yan sandan gwamnati da suka gaji aikin 'yan doka, da sarakunan sana'a irin su Sarkin Pawa da Sarkin Kasuwa. Ka yanke wanda yake maraba da sadaukan da wanda yake ganin sun shiga hurumin da ba nasu ba.

Miyagu kashi uku nake yi. Akwai ƙananan ɓarayi da 'yan sane da ake gamawa da su a zama guda. Akwai masu baiwa irin ta sadaukan, masu laƙabi da kirari da son a san da su, waɗanda suke aiko da takarda su faɗi ranar da za su zo, kuma a nan ne salon da yake fitowa sosai: injin da ke tsotse ruwan rijiyoyi, ko jirgin ƙasa da ya ɓace tsakanin tasha biyu da taragunsa duka. Sai kuma babban, wanda yara suke kira bos kamar yadda suka saba a fim, mutum mai mutunci a idon jama'a, mai kyauta ranar sallah, wanda yake saye hatsi yana ɓoyewa a shekarar fari. Shi ba a kayar da shi da ƙarfi, sai da hujja a gaban alƙali, kuma yana iya ɗaukar wata shida ana wasa kafin a kai gare shi. Kowane mugu ka ba shi dalilin da ya ɗaure shi da birnin, kamar marinin da kasuwarsa ta mutu ko mai fito da gada ta raba da abincinsa. Idan an kama shi a miƙa shi ga hukuma, ba a kisa, kuma ka bar ƙofar tuba a buɗe.

Kada ka bar birnin a yanayi guda. Da damina kogi yana cika, katangu suna faɗuwa, kududdufai suna haɗewa da lunguna. Da kaka kuɗi yana yawo, 'yan dambe suna zuwa, ɓarayi ma haka. Hunturu na hazo ne da gobara, bazara ta ƙishirwa ce da layi a bakin rijiya. Ka tsayar da ranar kasuwa guda a mako, kamar yadda Wudil take ci ranar Juma'a, ka kuma ajiye hawan sallah domin babban labari, ranar da dukan gari yake waje guda, gidaje kuma babu kowa.

Idan ka kai nan, ka ajiye alƙalami ko da kana jin akwai saura. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na kwalin fari fat, sannan a zaman farko ka tambayi kowane ɗan wasa unguwar da aka haifi sadaukinsa, da sana'ar gidansu, da mutum guda da ba zai yarda a taɓa ba. Duk abin da suka faɗa ka zana shi nan take a gabansu, ko da ya saɓa wa abin da ka tsara. Ka tanadi littafin rubutu guda, kowace unguwa da shafinta, bayan kowane zama ka rubuta abin da ya sauya, domin gadar da aka karya a makon jiya dole a same ta a karye a wannan makon, mutane suna fito da kwalekwale suna ƙorafi, Sarkin Ruwa kuma fuskarsa ta washe.

Game da ƙuri'a, littattafan wasan da ƙwayar ludo da ire-irenta suke aiki, amma iyaye da yawa ba sa son ganin ta a gidansu saboda kusancinta da caca da abin da malamai suka faɗa a kanta, kuma bai kamata a yi jayayya da su ba. Mu takarda shida muke yankawa, mu rubuta 1 zuwa 6, mu nannaɗe mu zuba a hula. Wanda zai yi abu mai wuya ya sa hannu ya ɗauko ɗaya: 5 ko 6 ya yi nasara, 3 ko 4 ya yi nasara amma da asara, 1 ko 2 abin ya ƙi. Idan aikin ya dace da baiwarsa, ya ɗauki biyu ya zaɓi babbar. Ba a sa ko kwabo, kuma ana tashi kafin dare ya yi nisa saboda asuba. Zaman farko ka fara shi a tasha, ranar kasuwa da la'asar, jirgin Nguru ya yi jiniya daga nesa bai rage gudu ba, ga kuma garken shanu a kan layi.